Telan Jidda da Kuɗin Adashi: Yadda Cacar Waya Ta Tara Masa Bashin Riyal 63,000

Telan da zan ba da labarinsa haifaffen Jidda ne, a nan ya koyi ɗinki, a nan ya yi aure. Ni ne dattawa suka danƙa wa littafin bashinsa a watan Mayun 2024, shi ya sa alƙaluman da za su biyo baya suke hannuna. Ya yarda in rubuta, da sharaɗin kada in kama sunansa ko na iyalinsa ko unguwar da yake zaune yanzu.

Kafin Nuwamban 2022

Mahaifinsa Bakano ne da ya zo aikin hajji tun kafin a haife shi, ya zauna. Shi telan bai da takardar zama ɗan ƙasa, da igama, wato takardar izinin zaman baƙo, yake zaune ƙarƙashin kafili, wanda ya tsaya masa a hukumance, matarsa da 'ya'yansa biyu kuma suna kan igamarsa. Tun daga Yulin 2020 harajin da baƙo ke biya kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa ya kai riyal 400 a wata, wato shi riyal 1,200 ke fita daga aljihunsa kafin a yi maganar haya ko cefane. A watan da kasuwa ta yi daidai yakan samu riyal 5,000. Da azumi, lokacin da kowa ke son jallabiyar Sallah, yakan ninka haka.

A unguwar Karantina ya tashi. Da rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya ci gomman unguwannin Jidda, tasu na ciki, sai ya koma gabashin gari inda haya ta kusa ninka wadda ya saba biya. Rusau ɗin bai tsaya ga gini ba. Shagonsa na da yana tsakiyar mutanen da suka san shi tun yana rarrafe, ba a raba shi da 'yan hira daga la'asar har dare. Sabon shagon kuwa lungu ne, shi kaɗai da yaronsa mai koyon aiki, wanda ke tashi bayan isha.

Duk da an watse, amanar da aka san shi da ita ta biyo shi. Shi ne uban adashin mutum goma, kowa riyal 1,000 a wata, kwasa 10,000. Masu son aika kuɗi gida Najeriya ma wurinsa suke kawowa, don yana da asusun banki a can kuma ya san masu canji. Shekara shida yana wannan ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

22 ga Nuwamba, 2022: ci na farko

Ranar Talata ce, Saudiyya ta kara da Ajantina a gasar cin kofin duniya ta Ƙatar. Wani matashi da ke kawo masa ɗinki, wanda daga baya na gane wakilin wani shafin caca ne, ya ce masa ya sa ko riyal 50 ne a kan Saudiyya, tunda ƙasarsa ce. Ba ya buƙatar buɗe komai, ya ba shi kuɗin a hannu shi zai sa masa. Messi ya fara ci da bugun daga kai sai mai tsaron gida, aka dawo hutun rabin lokaci Saleh al-Shehri ya rama, Salem al-Dawsari ya ƙara. Aka tashi 2 da 1. Sarki Salman ya ba da hutu washegari, gari ya kwana ana murna, shi kuma matashin ya ƙirgo masa riyal 1,000 da 'yan kai ya ajiye masa a kan keken ɗinki.

Ya gaya mini cewa abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne harajin wata guda ya kusa fita a cikin minti casa'in, bai ɗinka ko aljihu ba.

Caca haramun ce a dokar Saudiyya, babu gidan caca ko shagon cacar ƙwallo ko ɗaya mai lasisi, shafukanta kuma a toshe suke. Sashe na 6 na dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2007 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 3 ga mai shirya ko yaɗa ko tallata kayan shafukan caca. Amma wakilin ya sa masa manhajar VPN, mai buɗe shafukan da aka toshe, a waya, ya buɗe masa asusu a wani shafi da ke karɓar naira. Tsarin mai sauƙi ne: telan ya ba da riyal a hannu, wakilin ya cire ladansa, ya zuba masa naira a asusun. Kafin a gama gasar a ranar 18 ga Disamba, dubun nan ta koma inda ta fito, da ƙarin 700 na guminsa.

Afrilun 2023: rantsuwa

Daga Janairu zuwa Maris ya koma abin da 'yan caca ke kira haɗa tikiti, wato a jera wasanni takwas ko goma a tikiti ɗaya, sai duk sun faɗa yadda aka ce sannan a ci. Kuɗin shiga kaɗan, alkawarin ci mai yawa. Lissafin da bai sani ba a lokacin shi ne, kowane wasa akwai kason da shafin ke yanka wa kansa a cikin farashin. In aka ɗauka kashi 5 ne cikin ɗari a wasa ɗaya, to in an jera goma kason yakan taru ya kai kusan kashi 40. Kullum labarinsa ɗaya ne, wasa guda ne ya yanke masa tikiti.

Da azumi ya kama ranar 23 ga Maris, abin ya dame shi. Yana ɗinkin Sallah da baki a bushe, waya na gefen keke tana nuna masa sakamako. A daren 27 ga azumi ya hau motar haya zuwa Makka, ya yi umara, ya tsaya yana fuskantar Ka'aba ya rantse ba zai ƙara ba. Ya goge manhajojin a cikin Harami kafin ya fito. Bai gaya wa kowa ba, ko matarsa. Asararsa a lokacin ba ta wuce riyal 5,000 ba, kuma duk kuɗinsa ne.

Rantsuwar ta riƙe shi mako bakwai. Lambar wakilin na nan a wayarsa, asusun na nan da sunansa, katin banki na aljihunsa.

Yuni zuwa Oktoban 2023: daga ƙwallo zuwa faifai

A farkon Yuni wakilin ya turo masa saƙo cewa shafin ya ba shi kyautar dawowa. Kakar ƙwallon Turai ta zo ƙarshe, babu wasannin da zai jera, sai ya leƙa ɗaya ɓangaren shafin, inda gidan caca ne sosai irin na Las Vegas, an dai dunƙule shi a cikin waya. Akwai faifan rulet da mace ke juyawa kai tsaye ta bidiyo, akwai karta, akwai wani wasan jirgi da ke tashi kuɗinka na ninkuwa, sai ka cire kafin ya ɓace.

A nan abin ya canza kama. Cacar ƙwallo sai an jira minti casa'in kafin a san an ci ko an faɗi. Jirgin nan daƙiƙoƙi ne, faifan ma bai fi minti ba. Faifan rulet irin na Turai yana da rami 37, daga sifili zuwa 36. Wanda ya sa riyal ɗaya a kan lamba ta fito, 35 za a ba shi riba, alhali da adalci ne 36 ya kamata. Wannan ɗayan da aka riƙe shi ne abincin gidan: riyal 1 a cikin kowane 37 da aka ɗora, kashi 2.7 cikin ɗari. Da jin adadin mutum zai raina shi. Sai dai ba a kan kuɗin da ka shigo da shi ake yanka ba, a kan duk abin da ka ɗora ne, har da wanda ka ci ka mayar. Mai riyal 500 da ya juya su sau ɗari a dare ɗaya, riyal 50,000 ya ɗora, kashi 2.7 na wannan kuwa ya fi ɗari biyar ɗinsa nesa ba kusa ba. Shi ya sa kuɗin ba sa kai sau ɗarin.

A tsakiyar Yunin ne kuma Najeriya ta saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 700 a farashin hukuma. Riyal kuwa a daskare yake, 3.75 a dala ɗaya. Duk riyal ɗin da ya miƙa sai ya fito a allon waya da sifilai masu yawa, duk ɗan cin da ya yi sai ya ga dubbai.

Zuwa Oktoba ana bin sa riyal 14,000, na mai gidan haya da na mai yadi da na abokai biyu. Ya je wurin yayansa, direban babbar mota, ya faɗa masa gaskiya rabi: ya ce ya taɓa caca, ya daina, bashin ne ya rage. Yayan ya yi masa faɗa sosai, sannan ya biya duka daga kuɗin da yake tarawa.

"Kada wanda ya ji," in ji shi. "Ko matarka. Ka san in maganar nan ta fita, daga kai har mu ba mu da fuska, in ta kai ga hukuma kuwa tasa ƙeyarka za a yi."

"Na gode, Yaya. Wallahi ba zan ƙara ba."

Yayan ya kuma kai shi wurin wani malami aka yi masa ruƙiyya sau uku, ya sa ya canza layin waya. Kwana 19 aka yi, telan ya nemi wakilin da kansa a sabon layin. Ya ce mini abin da ya raya masa shi ne, yanzu babu mai bin sa sai yayansa, bari ya ciyo 14,000 ɗin ya mayar masa ya huta da kunya.

Janairu zuwa Afrilun 2024: zinare, aike, adashi

A Janairu ya ce wa matarsa lokacin sabunta igama ya yi kuma kafili ya matsa. Ta ciro sarƙa da warwaro na aurenta, gram 55, ta ba shi. Ya sayar riyal 11,500. Igamar an sabunta ta da wani kuɗin, na zinaren kuwa bai kwana goma ba.

Daga nan ya shiga kuɗin aike. Naira na ta faɗuwa a lokacin, a Fabrairu dala ta haura 1,500, don haka in ya ce wa mai kuɗi ya ƙara haƙuri mako guda farashi zai ƙara kyau, godiya ma ake yi masa. Ya riƙe na mutum huɗu, riyal 8,000. Ya taɓa kuɗin yadin da masu ɗinki suka bayar, 4,500. Ya taɓa adashi, yana cike kwasar wannan wata da zubin wata mai zuwa, har giɓin ya kai 6,000. Wakilin ma ya fara zuba masa bashi, wanda ya taru ya kai 9,000.

Abubuwa biyu suka haɗu a kansa. Daga tsakiyar Maris naira ta juyo ta fara ƙarfi, masu aike suka ga riyal ɗinsu na raguwa a gida, kowa ya ce a tura masa nasa yau ɗin nan. Sannan kwasar Afrilu ta faɗo kan wata Hajiya, gwauruwa mai sayar da waina da kunu, wadda ta sa bikin 'yarta bayan Sallah. Ya tara zubin mutum goma a ranar 5 ga wata. A daren ya ɗora su duka, da nufin ya ninka ya rufe ramukan gaba ɗaya. Kafin sahur babu ko riyal.

An yi Sallah ranar 10 ga Afrilu. Washegari Hajiya ta zo shagon, ina nan zaune na zo karɓar ɗinkina. Ya ce mata banki ne ya riƙe. Ta dube shi ta daɗe, ta ce, "Ɗan nan, ni na yi wa uwarka wankan jego. Kayan ɗakin marainiya ne fa. Dube ni ka sake faɗa." Bai iya ɗaga kai ba. Almakashin da ke hannunsa yana ta kaɗawa har ya ajiye shi.

Mayun 2024: zaman dattawa

Kusan wata guda aka yi ana kai-komo. Wasu 'yan adashin suka ce a kai shi wurin 'yan sanda, wasu suka ce in an kai shi an kore shi, wa zai biya? Kawunsa, ƙanin mahaifiyarsa, wanda ya haura saba'in, shi ya kira zama a gidansa ranar Juma'a 10 ga Mayu bayan la'asar. Akwai limamin da ke yi mana karatu, da yayan, da wakilai biyu na 'yan adashi, da ni. Matarsa na bayan labule, kawun ne ya dage sai ta ji da kunnenta.

"Ɗana," in ji kawun, "ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Buɗe wayar, ka ba malam ya karanta."

Awa biyu na yi ina kwafe tarihin asusun ina mayar da naira riyal bisa farashin kowane lokaci. Cikin wata 17 ya zuba kimanin riyal 67,000 fiye da abin da ya taɓa cirewa: ya zuba 88,000, ya cire 21,000. A cikin asarar, 13,000 guminsa ne, 54,000 na mutane. In aka haɗa da 9,000 na wakili, bashi ya zama 63,000. Da na karanto zinaren, sai muka ji ƙarar kofi ya faɗi a bayan labule. A nan yayan ma ya faɗi nasa, wanda babu wanda ya sani.

Liman ya karanta ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida, ya tsaya a kan cewa caca na jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane. Ya ce rantsuwar Makka da ya karya akwai kaffara a kansa, ciyar da miskinai goma, in ba hali azumin kwana uku. Game da 9,000 na wakili ya ce kuɗi ne da aka zuba don caca da sanin mai zubawa, ba za a sa shi layi ɗaya da haƙƙin marainiya ba. Kawun ya aika wa wakilin cewa in yana da ƙara ya kai kotu. Ya yi barazana ta waya na mako biyu, ya yi shiru, don ya san sashe na 6 shi ya fi shafa.

Abin da aka yanke a zaman shi ne a raba shi da kuɗi. Katin banki ya koma hannun matarsa, saƙon shiga da fitar kuɗi kuma ana nuna mini duk Juma'a. Ana ba shi riyal 20 a rana. Babbar wayar, wadda ba a iya rabuwa da ita saboda Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, da sauran harkokin hukuma, tana gida a wurin matar, shi kuma ya riƙe ƙarama mai madannai. WhatsApp na masu ɗinki ya koma wayar yaron shago. An rufe asusun Najeriya, ya sauka daga uban adashi, ya daina karɓar aike. Ya saki shagon lungun ya kai kekensa shagon wani tela abokin mahaifinsa, inda mutum huɗu ke aiki. An sayar da injin surfaninsa riyal 7,000 aka ba Hajiya a makon. Sauran kuma riyal 1,500 duk ranar 5 ga wata, shi da ƙafarsa zai kai wa mai shi: amanar mutane 28,500 tukuna, sannan zinare, sannan yaya. Yayan ya so ya yafe nasa, kawun ya hana.

Wani ɗan adashin da ke aiki a asibiti ya kawo shawarar ganin likitan ƙwaƙwalwa. An ɗan ja, don wasu na ganin ai ba hauka yake ba. Ya bayyana cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca a jerin cututtuka, rukuni ɗaya da jarabar kayan maye. Telan ya je sau shida a wata huɗu. Abin da ya ce ya fi amfana da shi shi ne rubuta lokacin da sha'awar ke taso masa. Ya gano kusan kullum bayan ƙarfe 11 na dare ne, ko ranar da aka yi masa maganar kuɗi.

Sharaɗi na ƙarshe kawun ne ya kawo shi: in ya zame, ya faɗa cikin kwana ɗaya, ba za a yi masa faɗa ba, ba za a kira zama ba.

Oktoban 2024: labarin Ras al-Khaima

A farkon Oktoba labari ya bazu cewa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ba kamfanin Wynn Resorts na Las Vegas lasisin gidan caca, na farko a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf. Ana gina shi a tsibirin Al Marjan na masarautar Ras al-Khaima, an ce za a buɗe a 2027.  A Oktoban ne kuma Hisbar Kano ta shiga rufe shagunan cacar ƙwallo, a Nuwamba Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke cewa dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta hau kan jihohi ba, kowace jiha ita ke da iko da nata.

Shagon telolin ya ɗauki musu kwana da kwanaki. Wani ya ce ga maƙwabta sun halatta, saura nan, tunda an buɗe silima a 2018 kuma ana neman 'yan yawon buɗe ido. Wani ya ce gara a yi ta a fili gwamnati ta karɓi haraji. Aka kawo Macau ta ƙasar Sin, inda harajin caca ke ɗauke da mafi yawan kasafin gwamnati. Aka kawo Atlantic City ta Amurka, wadda aka halatta wa caca da ƙuri'a a 1976 don a farfaɗo da ita, huɗu daga gidajen cacarta 12 suka rufe a 2014, jihar New Jersey ta karɓe ragamar kuɗin birnin a 2016. Telan yana ji bai tanka ba.

Ranar 17 ga wata wani mai ɗinki ya ba shi riyal 600 a hannu, mai shagon ba ya nan. Ya fita bayan isha, ya ari wayar wani yaro da ya san yana yi, ya ba shi kuɗin. Minti ashirin suka ƙare. Da asuba, ana sallamewa, ya matso kusa da kawun ya ce, "Kawu, na zame jiya. Ɗari shida." Kawun ya ce, "To. Ta ina kuɗin suka shigo hannunka?" Daga ranar aka liƙa takarda a shagon cewa mai shago kaɗai ke karɓar kuɗin ɗinki. Na rubuta 900 a littafi a madadin 1,500.

Da na tambaye shi daga baya, ya ce musun ne ya tsaya masa a rai. In sarakuna da manyan kamfanoni na zuba biliyoyin daloli a harkar, to wataƙila shi ne bai iya ba.

2025

Bai ƙara zamewa ba, iya abin da littafi da matarsa da mai shago suka shaida. Da azumin Maris ya biya 5,000. A watan Yuni ya kammala amanar mutane, 28,500 cif. Hajiya ta gama karɓar nata tun Yulin 2024, an yi bikin an ɗaga shi da wata uku, an rage kayan ɗaki. Tana amsa gaisuwarsa, ba ta sake kawo masa ɗinki ba. Adashin ya ci gaba a hannun wani, mutum uku sun fita. Zuwa ƙarshen Disamba ya biya 38,400 daga cikin 54,000. Har yanzu riyal 20 ake ba shi, an tambaye shi ko a ƙara ya ce a bari tukuna.

Abin da na gani

Rantsuwar ba ta gaza don ƙarya ya yi ba. Na tabbata da zuciya ɗaya ya yi ta. Ta gaza ne don ya fito daga Harami da kati a aljihu da lambar wakili a waya, kuma babu mahaluƙin da ya san ya yi ta balle ya tambaye shi. Ruƙiyya da canza layi ma haka, an taɓa komai an bar kuɗi a hannunsa.

Biyan da yayan ya yi a ɓoye shi ne ya fi yin ɓarna, duk da ƙauna ce ta sa shi. Ya share wa telan bashin da ya kusa tona shi yana 14,000, ya mayar masa da mutuncin da ya ci gaba da karɓar amana da shi, ya kuma ɗora masa kunyar da ta mayar da shi ga faifan. Da matarsa ta ji a Oktoban 2023, da zinarenta na nan, da kayan ɗakin marainiya ba su shiga ciki ba. Ban ga laifin tsoronsa ba. Baƙo a ƙasar nan ya san abin da kora take nufi, kuma haramcin da ya hana a buɗe shagon caca a kan titi, wanda nake goyon baya ɗari bisa ɗari, shi ne kuma ke sa wanda ya faɗa ya ƙi neman taimako. Mu da muke zaune a nan ya kamata mu san da wannan, mu tanadi irin zaman da kawun ya kira tun abu bai kai haka ba.

Abin da ya yi aiki shi ne an yi nisa tsakaninsa da kuɗi, an fitar da shi daga kaɗaicin dare, an bar shi ya biya da hannunsa, an kuma buɗe masa ƙofar faɗin gaskiya ba tare da tozarci ba. Zamewar Oktoba ta tsaya a 600 ne saboda wannan ƙofar.

Game da tambayar da ta tsaya masa a rai kuwa, amsarta na wurin biranen cacar da kansu. Monaco ba ta barin 'yan ƙasarta su yi caca a Monte Carlo. Masar ta keɓe gidajen cacar otal-otal ɗinta ga masu fasfon waje. Singafo na cajin ɗan ƙasa dalar ƙasar 150 a rana kafin ya shiga, baƙo kuwa kyauta. Macau, da ta daɗe tana cin moriyar dillalan da ke kawo 'yan caca suna ba su bashi, ta ɗaure babbansu Alvin Chau shekara 18 a Janairun 2023. Masu harkar sun san daga aljihun wa ribar ke fitowa, shi ya sa suke tsare nasu su buɗe wa baƙi. Biliyoyin da ake zubawa a Al Marjan daga wancan riyal 1 cikin 37 ake sa ran mayar da su. Gidan cacar da ya shiga wayar telan nan kuwa bai da mai gadi, bai tambayi fasfo ba, bai tambayi ko kuɗin na adashi ne ba.

Magana ɗaya ta rage a buɗe a littafin. A lissafin riyal saura 1,600 ya gama biyan zinaren. Amma lokacin da ya sayar, oza ɗaya ta zinare tana wajen dala 2,000, a Oktoban 2025 ta haura 4,000, don haka 11,500 ɗin ba za su sayi fiye da rabin gram 55 ba. Na je da littafin in nuna wa matar inda aka kwana. Ta ce daga bayan ƙofa, "Malam, ni gram na ba shi, gram nake jira." Liman ya ce maganarta tana kan hanya. Kawun ya sa zama a kan haka bayan Sallah, yayan kuma ya ce nasa 14,000 ɗin su jira sai an gama da ita.